Zumunta a Ƙafa Take: Hijirar Iyali a Tarihin Madarumfa da a Ƙagaggun Labaranmu

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa halartar bikin Mauludi a bakin tabkin Madarumfa ya san cewa taron ya wuce na gari ɗaya. Masu ziyarar kaburburan waliyyai 99 da aka ce suna kwance kewaye da tabkin sukan zo daga Maraɗi da Tsibiri da Tasawa, wasu kuma su ƙetaro iyaka daga Jibiya da Katsina. Da yawa daga cikin baƙin nan ba su neman masauki, domin akwai gidan gwaggo ko na kawu da ke jiran su. Katin shaidarsu daban, kuɗin aljihunsu daban, wannan da sefa, wancan da naira, amma kakansu ɗaya. Mai lura zai tambayi kansa: yaya aka yi zuriya ɗaya ta wayi gari a ƙasa biyu?

Littafin tarihi yana da amsa, sai dai amsar tasa ta sarakuna ce da yaƙe-yaƙe da yarjejeniyoyi. Yakan faɗi shekarar da aka ci gari, ya yi shiru game da matar da ta fita da goyo ta bar ɗan farinta a baya. Wannan gefen, marubutan ƙagaggun labarai ne suka fi kula da shi. Manufar wannan maƙala ita ce a jera biyun kusa da juna: tarihin hijira a kwarin Maraɗi tun daga 1807, da littattafan da suka nuna abin da hijira ke yi wa gida.

Katsina biyu da ƙasar da ke tsakaninsu

A shekarar 1807 birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi, sarauta ta koma ga Malam Ummarun Dallaje. Gidan sarautar da aka kayar ya yi arewa. A Ɗankama aka sake cin su da yaƙi, inda ruwaya ta nuna Sarki Magajin Halidu ya faɗa rijiya don baƙin ciki. Waɗanda suka tsira suka naɗa Ɗan Kasawa, suka nemi mafaka a ƙasar Damagaram, suka yi shekaru can, kafin wajen 1819 su sauko Maraɗi su kafa sabuwar sarauta. Har yau Sarkin Katsina ake kiran mai sarautar Maraɗi, wato masu gudun sun bar birni amma sun tafi da sunansa. A yaƙin Gawakuke na 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi nasara, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda suka kwanta dama. Bayan haka ne Gobirawa su ma suka kafa Tsibiri, ƴar tafiya kaɗan daga Maraɗi.

Ƙasar da muke kira gundumar Madarumfa a yau, da Gabi da Safo da Jiratawa da Sarkin Yamma da Ɗan Isa, ita ce ke shimfiɗe tsakanin Katsina biyun nan. A zamanin Ɗan Mari da Ɗan Baskore hare-hare ba su yanke ba tsakanin kudu da arewa, kuma kowane hari yakan dawo da kamammun mutane. Wanda aka kama a gona ba ya sallamar kowa. Ƴan uwa ciki ɗaya sukan ƙare ɗaya ɗa a garinsu, ɗaya bawa a wani gari.

Wanda ke son ya ji ɗacin wannan zamani sai ya buɗe Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da gasar Hukumar Fassara ta Zariya ta 1933 ta haifar. Ba a ƙasar Maraɗi labarin ya faru ba, a Kagara ya soma, amma ciwon iri ɗaya ne. Hassadar fadawa ta sa aka kori Makau, mijin uwar Umar, daga gari. Aka sace yaron, ya bi ta hannuwa har Kano, daga nan Balarabe Abdulkarim ya ƙetara hamada da shi, ya riƙe shi kamar ɗansa, ya ba shi ilimi. Uwar ta fita neman ɗanta, ita ma aka yaudare ta aka mai da ita baiwa, aka kai ta Murzuk. Sun sadu a ƙarshe, amma wahala ta riga ta cinye ta, ba ta jima ba ta rasu. Abin lura shi ne, rikicin fada ne ya soma rusa gidan, uwa kuwa ita ta biya da ranta. Babu jerin sarakunan da zai koya wa ɗalibi wannan.

Iyakar Nasara

Da Turawa suka zo, sai suka ja layi. Yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 1898 ta bar Maraɗi a gefen Ingila. Faransawa suka koka cewa ba su da hanya mai ruwa tsakanin kogin Kwara da Damagaram, aka sake zama a 1904 da 1906, Maraɗi da Tsibiri da Birnin Ƙwanni suka koma hannunsu. Tsakanin 1906 da 1908 tawagar Tilho da O'Shee ta bi ƙasa tana kafa alamu. Gaskiya ce a nan yankin layin ya bi tsohuwar rabuwar da yaƙi ya riga ya yi tsakanin Katsina da Maraɗi. Amma a da, in ƙura ta lafa, fatake da masu biki kan wuce abinsu. Yanzu sai ga haraji iri biyu, kuɗi iri biyu, makaranta iri biyu. Aikin tilas da ɗibar soja na mulkin Faransa, kafin a soke aikin tilas a 1946, sun sa magidanta da yawa sun kwashe iyali cikin dare sun koma gefen Ingila. Galibi inda suke da dangi suke nufa, don haka iyakar da aka yi domin ta raba ta zama mafaka.

A cikin littattafan waccan gasa ta Zariya, Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara shi ne ya dubi zuwan Turawa ido da ido. Ganɗoki mayaƙin Sarkin Sudan na Kwantagora ne. Da ƙasa ta ci tura, sai ya bi sahun masu hijira zuwa gabas, irin hijirar da Sarkin Musulmi Attahiru ya jagoranta wadda ta ƙare da yaƙin Burmi a 1903, sauran mutanensa suka zarce har bakin Kogin Nilu suka kafa garin Mai Wurno a Sudan. A cikin littafin, tafiyar ta uba ce da ɗansa, Garba Gagare, kuma tsohon yana ba da labarin ne ga yara bayan ya dawo ya tarar da duniya ta sake. Tsoho da ɗansa da yara masu saurare, zamani uku ke nan a zaure ɗaya. Daga tsakiyar littafin labarin ya shiga duniyar aljannu, inda Ganɗoki ke cin nasarar da bai ci a gida ba. Malami na iya tsayawa nan ya tambayi ajinsa dalilin da ya sa wanda aka ci da yaƙi ke ba jikokinsa labarin nasara.

Sawaba da marubucin da ya ɗanɗana

Samun mulkin kai bai tsai da ƙafa ba. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958 jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary ta nemi a ce a'a ga tayin Janar de Gaulle, ta sha kaye, a 1959 aka haramta ta. Shugabanninta suka watsu zuwa Mali da Gana da Aljeriya, ƙananan magoya baya kuwa, ƴan kasuwa da direbobi da masu sana'a, da yawansu Kano da garuruwan bakin iyaka suka nufa, inda ƴan NEPU na Malam Aminu Kano suka karɓe su. A ƙarshen 1964 mayaƙan jam'iyyar suka shigo ta iyakoki da makamai, yunƙurin ya rushe, kame ya biyo baya. Gidajen da ke da ɗa a waje suka shiga cikin zargi, mata suka rayu shekaru ba labarin miji, yara suka tashi ba su san fuskar uba ba. An daɗe ba a maganar nan a fili. Sai a 2013 masanin tarihi ɗan ƙasar Holan, Klaas van Walraven, ya fitar da babban littafi a kan Sawaba bayan ya zauna da tsofaffin ƴan jam'iyyar da suka rage.

Abdoulaye Mamani, wanda aka haifa a Gudumariya a 1932, yana cikin waɗanda suka fita. Ya yi fiye da shekara goma a waje, ya dawo bayan juyin mulkin Seyni Kountché na 1974, bai jima ba aka ɗaure shi. A 1980 littafinsa Sarraounia ya fito da Faransanci, a kan Sarauniyar Lugu da ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899, rundunar da ta ƙona garuruwa tun daga Ƙwanni har kusa da Tasawa. Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Akan karanta littafin a matsayin labarin jarunta, amma akwai zumunta a ƙarƙashinsa: marainiya ce da aminin mahaifinta, Dawa, ya rena, kuma da wuta ta fi ƙarfi sai ta janye da mutanenta cikin daji, ta bar wa maƙiyi kango. Mutumin da ya san zaman baƙunta ne ya rubuta cewa gari shi ne mutanensa, in sun tsira gari ya tsira. Mamani ya rasu a haɗarin mota a 1993.

Yunwa da cirani da rufe iyaka

Ba siyasa kaɗai ke korar mutum ba, sai dai da wuya ta rasa hannu a ciki. Farin 1973 zuwa 1974 ya tura dubban iyalai kudu, kuma zargin karkatar da taimakon abinci na cikin abin da ya kayar da gwamnatin Diori Hamani, batun da Amadou Ousmane ya gina littafinsa Quinze ans, ça suffit a kai a 1977. A 1978 Mahamadou Halilou Sabbo ya fitar da Abboki ou l'appel de la côte, labarin samarin da ke barin gida su nufi bakin teku neman kuɗi da irin wahalar da suke tararwa. Sunan littafin ma daga kalmar da mutanen can ke kiran Bahaushe da ita aka ɗauko shi. Sa'an nan a watan Afrilu 1984 gwamnatin soja ta Najeriya ta rufe iyakokinta har zuwa 1986, daidai lokacin da damina ta ƙi. Mutanen ƙasar nan suka raɗa wa wannan yunwa suna El Buhari, domin abin da suka fi tunawa shi ne hanyar gidan dangi da hatsi ta toshe.

An sake rufe iyakar daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka kuma rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 saboda takunkumin ƙungiyar CEDEAO. Tsakanin Maraɗi da Katsina bai kai kilomita 100 ba, amma an ga lokacin da zuwa jana'izar uwa ya zama sai ta ɓarauniyar hanya. A 2019 ɗin dai ƙafa ta sake juyowa arewa kamar a 1807: dubun-dubatar mutanen ƙauyukan Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsere wa ƴan bindiga suka shigo gundumomin Gidan Runji da Madarumfa, mafi yawansu mata da yara. Kafin a kafa musu matsugunai, gidajen talakawa ne suka fara buɗe musu ƙofa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma sawun da kakanni suka bari shi jikoki suka bi.

Kammalawa

Littattafan nan sun zo mana daga Kagara da Kwantagora da Lugu da bakin teku. Labarin kwarinmu kuwa, mafi yawansa yana bakin tsofaffi, kuma wanda yake da shekara 20 a 1964 yau ya haura 80. Akwai aikin da malami zai iya yi ba tare da jiran kuɗin kowa ba. Bayan an karanta Shaihu Umar ko Sarraounia a aji, a tura kowane ɗalibi wurin kakarsa da tambaya uku: ina aka haife ki, me ya tashe ku, wa kuka baro? Ya rubuto amsar da Hausa. Ƙungiyoyin al'adu su tattara takardun su adana. Ƙasar da ta buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram tun 1973, ta kuma ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, ba ta rasa masu iya wannan rubutu ba.

Za a ci karo da shiru a wasu gidaje, kuma shirun yana da dalili. Akwai zuriyar da asalinta kamun yaƙi ne, akwai gidan da ɗan uwa ya kai ƙarar ɗan uwa a zamanin Sawaba, jikokinsu kuma yau surukai ne. Masanin tarihi dole ya faɗi suna, in ya faɗa ya tono asirin gida. Mai ƙagaggen labari yana da damar sauya suna da gari ya bar gaskiyar abin da ya faru, kamar yadda Tafawa Ɓalewa ya ba mu uwar Umar a madadin dubban uwayen da ba wanda ya rubuta sunansu. Saboda haka ɗalibin da ya dawo da labarin da ba a iya karantawa gaban aji, kada a ce ya yar. A koya masa yadda zai sake wa mutanen suna, ya rubuta.