Kujerar Gwamna da Ƙasar Gumel: Daga Kukawa Zuwa Dutse

Duk mai son ya fahimci kujerar gwamna a wannan yanki, ya kamata ya fara da sanin cewa ƙasar Gumel ba ta taɓa shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Ɗan Juma da jama'arsa Mangawa suka kafa sarautar wajen shekarar 1750, ba da jimawa ba kuma ta zama mai kai gaisuwa Barno. A 1845, zamanin Sarki Ɗan Tanoma, aka taso da fada daga Tumbi, wadda yanzu take cikin Nijar, zuwa inda garin Gumel yake. Shehu yana Kukawa, nesa ƙwarai. Abin da yake nema shi ne mubaya'a da gaisuwa. Shari'a da gona da haraji da yaƙi da Haɗeja ko Damagaram, duk a hannun Sarki da hakimansa suke.

Kalmar gwamna kanta Turawa suka zo da ita. A 1903 Sarki Ahmadu ya yi mubaya'a ga Turawan Ingila, aka sa ƙasar cikin Lardin Kano. Daga nan aka sami tsani mai hawa-hawa: Gwamna a can sama, Razdan a Kano, Di'o yana rangadi, Sarki kuwa yana riƙe da En'e, watau baitulmali da kotunan alƙalai da dogarai da gidan yari. Talakan Ɗanzomo yana iya haihuwa ya tsufa bai taɓa sa Gwamna a ido ba. Mai unguwa da dagaci da hakimi su ne hukumar da ya sani, su ke zuwa da takardar haraji, su ke ƙidayar shanu lokacin jangali. Ko da aka naɗa Sir Kashim Ibrahim, mutumin Barno, Gwamnan Jihar Arewa a 1962, kujerar ta girmamawa ce, iko yana wurin Firimiya Sardauna.

Canji na haƙiƙa ya zo da soja. Ranar 27 ga Mayu 1967 Janar Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako ya zama Gwamnan Jihar Kano, ya riƙe har 1975. A zamaninsa aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa abin da ya rage, sarakuna suka koma masu ba da shawara. Sai kuma Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978, wadda ta ɗora amanar ƙasar jiha baki ɗaya a wuyan gwamna, tare da ikon karɓe fili saboda amfanin jama'a. Wannan ita ce dokar da ta fi kowace taɓa manomi, ko da yake a lokacin mutane kaɗan suka lura da nauyinta. Da Muhammadu Abubakar Rimi ya hau a 1979 ya soke haraji da jangali, talakawa suka yi murna, amma igiyar da ta ɗaure su da dagaci da hakimi ta ƙara sassautawa. A 1981 ya ƙirƙiri sababbin masarautu, Sabo Bakin Zuwo ya rushe su a 1983. Kowa ya gane a nan cewa alƙalamin gwamna ya fi sandar sarki tsawo.

Ranar 27 ga Agusta 1991 Janar Babangida ya yanke Jihar Jigawa, hedkwata a Dutse, Kanar Olayinka Sule ya fara riƙonta. Ali Sa'ad Birnin Kudu ne zaɓaɓɓen farko, daga Janairun 1992 zuwa Nuwamban 1993 da soja suka sake dawowa, kantomomi uku suka biyo baya. Tsarin mulki na 1999 ya tsara kujerar kamar yadda aka santa: shekara 4, ba a wuce zaɓe biyu, ba a gurfanar da mai ita gaban kotu yana kan mulki. Kafin a ce ya ci, sai ya fi kowa ƙuri'a, ya kuma sami rubu'in ƙuri'un kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi, watau 18 daga cikin 27 a Jigawa. A ƙasar Filifin, alal misali, gwamnan lardi shekara 3 yake yi, ba ya kuma wuce zango uku a jere. Namu ya fi shi faɗin iko nesa ba kusa ba, ko da yake 'yan sanda na Gwamnatin Tarayya ne.

Ibrahim Saminu Turaki na Kazaure ya yi daga 1999 zuwa 2007, a zamaninsa aka kafa yankin ciniki maras haraji a Maigatari, garin da kasuwar dabbobinsa ta ranar Alhamis take tara fatake daga Nijar da kudancin Nijeriya. Sule Lamido na Birnin Kudu ya gaje shi har 2015, sai Muhammad Badaru Abubakar na Ɓaɓura har 2023, sai aka rantsar da Umar Namadi na Kafin Hausa. In aka jera su a kan masarautu 5 na jihar, za a ga Dutse ta yi sau biyu, Kazaure da Ringim da Haɗeja sau ɗaya ɗaya. Gumel kuwa kujerar mataimaki ta samu: Ahmad Mahmud daga 2007 zuwa 2015, da Aminu Usman a 2023.

Wannan ba zancen alfahari kaɗai ba ne. Wajen 2016 da 2017 manoman Gagarawa da maƙwabtansu suka yi ta kuka a kan gonaki kimanin kadada 12,000 da gwamnati ta keɓe wa wani kamfani domin noman rake. Gwamnati ta ce aikin yi ne da diyya, manoma da yawa suka ce gadon kakanni ba ya da farashi. A zamanin Ɗan Tanoma irin wannan magana a zauren Sarki za a yanke ta. Wannan karon takardar daga Dutse ta fito, bisa ikon da dokar 1978 ta bayar.