Daga Kwatano zuwa Magama: tarihin birnin da ke aiko mana da kaya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Magamar Jibiya a shekarun da kasuwar kan iyaka ke ci, ya san akwai sunan wani gari da ba ya fita daga bakin mutane: Kwatano. Mota 'yar Kwatano, atamfa 'yar Kwatano, shinkafa ta biyo ta Kwatano, dilar gwanjo daga Kwatano. Hatta a finafinan mu da littattafan mu na soyayya, idan ana so a nuna alhaji ya yi kuɗi, sai a ce ya na safarar motoci daga can. Amma ka tare yaron da ke dakon buhu a Magama ka tambaye shi yadda garin ya ke, da wuya ya ce maka ya taɓa ganin teku da idon sa. To, mai karatu, bari mu bi sawun kayan nan mu koma inda aka sauke su daga jirgi, mu ga wane irin gari ne wannan da abincin mutanen Jibiya ya rataya a kan sa.

GARI A KAN RAIRAYI

Kwatano ita ce birni mafi girma a Jamhuriyar Benin, ƙasar da a da ake kira Dahome. A takarda Porto-Novo ce hedikwatar ƙasar, kuma can majalisar dokoki ta ke, amma fadar shugaban ƙasa da ma'aikatu da ofisoshin jakadanci duk su na Kwatano. Ƙidayar 2013 ta nuna mutum 679,012 ke cikin birnin kan sa, ban da Abomey-Calavi da ke maƙwabtaka da shi, wadda ita ma ta haura dubu 600. Daga nan zuwa iyakar Seme tafiyar kilomita talatin da 'yan kai ce, Legas kuma kamar kilomita 120.

Birnin ya na zaune ne a kan wani zirin rairayi. A kudu Tekun Atlantika, a arewa tafkin Nokoue, inda Kogin Oueme ke zubo ruwan da ya kwaso tun daga arewacin ƙasar. A ƙarni na 19 Faransawa su ka haƙa wata hanyar ruwa ta haɗa tafkin da teku, ita ce ta raba garin gida biyu: tsakiyar birni da tashar jiragen ruwa a yamma, unguwar Akpakpa a gabas. Gadoji uku ne ke haɗa su. A cikin tafkin akwai ƙauyen Ganvie, wanda aka gina gidajen sa a kan turaku a tsakiyar ruwa. Kakannin mutanen wurin sun gudo ne daga masu farautar bayi, su ka ga ruwa ya fi masu tudu kwanciyar rai.

Mu a nan damina ɗaya mu ka sani, daga Yuni zuwa Satumba, ruwan da Katsina ke samu a shekara kuma bai cika wuce milimita 700 ba. Su kuwa damina biyu gare su: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba, jimillar ruwan kuma ta kan kai milimita 1,300. Zafin su bai kai namu na bazara ba, sai dai gumi, don iskar jiƙe ta ke da laima. Hunturu ya kan leƙa su a Disamba da Janairu, amma kafin ya isa bakin teku ya gaji. Da yake garin shimfiɗe ya ke, ba tudu ba gangare, ruwa ba shi da wurin gudu. A 2010 an yi ambaliyar da ta shafi mutum wajen dubu 680 a faɗin ƙasar, unguwannin Kwatano da dama su ka koma sai da kwalekwale.

DAGA SARAKUNAN DAHOME ZUWA FARANSAWA

Sunan garin daga harshen Fon ya fito, Kutonu, wato bakin kogin mutuwa. Ana danganta kafa shi da Sarki Gezo na Dahome, wanda ya yi mulki daga 1818 zuwa 1858. Masu kallo za su tuna shi a fim ɗin The Woman King na 2022, inda Viola Davis ta fito a matsayin shugabar rundunar mata mayaƙa, kodayake a Afrika ta Kudu aka ɗauki fim ɗin. A wancan zamani Ouidah ce babbar tashar cinikin bayi, Kwatano kuwa ɗan ƙauye ne kawai.

A 1868 aka ƙulla wata yarjejeniya da sunan Sarki Glele, wadda Faransawa su ka ce ta mallaka masu Kwatano. Ɗan sa Behanzin da ya gaje shi ya ce sam, ba a sayar da ƙasar kakanni. A watan Maris na 1890 dakarun sa, har da matan nan, su ka kai wa Faransawa hari a Kwatano. Yaƙi na biyu ya ɓarke a 1892 ƙarƙashin Alfred Dodds. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a cikin sojojin da su ka yi wa Faransa wannan yaƙi akwai wata runduna da aka kafa a 1891, wadda ake kira ta Hausawa. A 1894 Behanzin ya miƙa wuya, aka kai shi tsibirin Martinique, ya rasu a Aljeriya a 1906. Kayan fadar sa da aka kwashe sun yi sama da shekara ɗari a Faransa. Sai a Nuwamba 2021 aka maido guda 26 zuwa Kwatano, kuma fim ɗin da Mati Diop ta yi a kan dawowar su, mai suna Dahomey, shi ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Berlin a 2024.

Hausawa ba baƙi ba ne a wannan ƙasa. Tun kafin Turawa, fataken Gwanja masu neman goro su na ratsa Borgu, su yada zango a Nikki da Parakou da Djougou. Da ciniki ya juya ya fuskanci teku, su ma sai su ka gangara. Shi ya sa a tsakiyar Kwatano akwai unguwar da ake kira Zongo, da babban masallacin ta, inda za ka ji Hausa a bakin 'yan canji da mahauta da masu shayi kamar ka na Sabon Garin Kano.

TASHA, DOGO DA GADA

Gaɓar tekun wannan yanki miƙaƙƙiya ce, ba ta da lungun da jirgi zai fake, ga igiyar ruwa mai ƙarfi. Saboda haka Faransawa su ka kafa wata doguwar gadar ƙarfe da ta miƙa cikin teku a shekarun 1890. Jirgi ya tsaya can nesa, ƙananan jirage su riƙa jigilar kaya. An fara gina tashar zamani a 1959, aka buɗe ta a 1965, shekara biyar bayan 'yancin kai. Sai dai katangar da aka yi don kare tashar ta tare rairayin da igiyar ruwa ke turawa daga yamma zuwa gabas. Yamma ta tara rairayi, gabas ta rasa, teku ta shiga cin unguwannin Akpakpa, gidaje da dama su ka faɗa ruwa kafin a jera duwatsu a rage ɓarnar.

Dogo kuwa an fara shi a 1900, ya isa Parakou a 1936, kilomita 438 daga teku. Nufin shi ne ya kai Nijar, amma a nan ya tsaya cak. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram a lokacin ta Kano ta ke bi, jirgin ƙasa ya kai ta Legas. Wannan bai yi wa Faransawa daɗi ba. A farkon shekarun 1950 su ka ɓullo da wani shiri na ɗaukar gyaɗar a manyan motoci zuwa Parakou, a 1958 aka gina gada a kan Kogin Kwara tsakanin Gaya da Malanville, a 1959 kuma Dahome da Nijar su ka kafa hukumar sufuri ta haɗin gwiwa. Yaƙin Biyafara na 1967 zuwa 1970 ya ƙara tura 'yan kasuwar Nijar wannan hanya.

Ga yadda Magama ta shigo labarin. A shekarun 1970 kuɗin fetur ya cika Nijeriya, tashar Legas ta cushe, har a 1975 jirage ɗaruruwa ɗauke da siminti su ka yi watanni su na jiran layi. Gwamnatoci kuma su ka shiga hana shigo da wasu kayayyaki ko tsawwala masu haraji, don a kare masaƙu da manoman gida. Benin da Nijar su ka ga kasuwa ta buɗe. Sai a sauke kaya a Kwatano da takardar cewa Nijar za su, a biya kuɗi kaɗan, a ɗora wa tirela ta bi Parakou, Malanville, Gaya, Dosso, Birnin Ƙonni har Maraɗi. Can a sauke a sito, Nijar ta karɓi nata harajin, sannan a rarraba a ƙananan motoci da babura ta Ɗan Isa zuwa Magama, wani ta ƙofa, wani ta daji. Zagaye ne na sama da kilomita 1,400, amma ɗan kasuwa ya ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Taba sigari, atamfa, gwanjo, shinkafa, man girki, daga baya motoci: da wannan alhazan Maraɗi su ka yi suna, har wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Gregoire, ya rubuta littafi sukutum a kan su a 1986.

Cinikin ba gefe ɗaya ya ke tafiya ba. Shekaru da dama man fetur ɗin Nijeriya mai rangwame ne ke tafiyar da Kwatano, ana sayar da shi a kwalabe a bakin titi, su na kiran sa kpayo, wato bumburutun su ke nan. Da shi 'yan acaɓar su masu rawayar riga, waɗanda ake kira zemijan, ke yawo. Kasuwar Dantokpa, mai faɗin wajen hekta 20 a bakin ruwa, ta shafe shekaru ta na cikin manyan kasuwannin Afrika ta Yamma, kuma masu sari daga Nijeriya su kan je can.

BIRNIN TARO

Kada a ɗauka garin kasuwa ce kawai. Akwai jami'ar ƙasa da aka kafa a 1970, wadda ke Abomey-Calavi, da asibitin koyarwa mai sunan Hubert Maga, shugaban ƙasar na farko, da filin wasan da Sin ta gina a 1982. A filin jirgin saman garin ne sojojin haya na Bob Denard su ka sauka ran 16 ga Janairu, 1977 don kifar da Mathieu Kerekou, su ka sha kashi su ka gudu a ranar. A Fabrairu 1990 aka yi taron ƙasa a Kwatano wanda ya kawo ƙarshen mulkin jam'iyya ɗaya, Nijar ta kwaikwaya a 1991. A nan kuma Tarayyar Turai ta sa hannu da ƙasashen Afrika da Karebiyan da Fasifik a yarjejeniyar 2000 da ta ɗauki sunan garin. Ɗan wasan nan Djimon Hounsou na finafinan Amistad da Gladiator da Blood Diamond, a Kwatano aka haife shi a 1964.

RANAR DA AKA RUFE ƘOFA

Arzikin da ya dogara da iyaka, sa hannun mutum ɗaya ya isa ya tsayar da shi. Janar Buhari ya rufe iyakoki a Afrilu 1984, sai a Maris 1986 Babangida ya buɗe. Daga 1 ga Janairu, 2017 aka hana shigo da motoci ta kan tudu. A Agusta 2019 aka sake rufewa. An buɗe Seme da Illela da Maigatari a Disamba 2020, amma Jibiya sai da ta jira har Afrilu 2022. Ba a gama farfaɗowa ba sojoji su ka yi juyin mulki a Nijar ran 26 ga Yuli, 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Magama ta sake yin tsit har Maris 2024. Ita kuwa gadar Malanville, ko bayan da aka janye takunkumin Nijar ta bar ɓangaren ta a rufe a 2024 da 2025, kaya da yawa su ka koma tashar Lome, su na ratso Burkina Faso da rakiyar soja. Ko bututun man Nijar mai kusan kilomita 2,000, wanda ya fara lodi a gaɓar Benin a Mayu 2024, rigimar ba ta ƙyale shi ba.

Masu goyon bayan rufewar su na da hujja: shinkafar waje ta na kashe manomin gida, atamfar waje na cikin abin da ya durƙusar da masaƙun Kano da Kaduna, kuma hanyar da buhu ya bi bindiga ma za ta iya bi, a yankin da 'yan bindiga su ka addaba. Amma a Magama, waɗanda su ka fara ji a jikin su ba masu sito ba ne. 'Yan dako ne, da direbobi, da masu tuwo-tuwo, da 'yan canji, da samarin da aka wayi gari ba su da abin yi.

A ran 9 ga Fabrairu, 2021 aka ƙaddamar da aikin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, wanda aka tsara zai bi ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya. Manufar ita ce kayan Nijar su koma bin Legas, hanyar da gyaɗar Maraɗi ta bi kafin Faransawa su karkata ta. Idan Allah ya sa jirgi ya fara zirga-zirga, kayan da za su riƙa ratsa Magama daga kudu za su fito su nufi arewa, akasin abin da aka saba gani shekara hamsin. Abin da mutanen Jibiya ya kamata su nema tun yanzu shi ne a yi masu tashar lodi da sito da kasuwa, don kada jirgin ya riƙa wuce su su na ɗaga masa hannu.