Yaron da ya ci abincin tsuntsu: tarihin rage sitaci da ɓoye wa likita gaskiya

1/ Jama'a, yau tarihi na kawo muku kan ciwon suga. Wannan tsarin na "daina tuwo da shinkafa, koma nama da ganye" da ake ta yayi ba sabo ba ne, ya haura shekara 200. Tun farkonsa kuma akwai matsalar da ke biye da shi: abin da marar lafiya ya ci daban, abin da ya gaya wa likita daban. Ku biyo ni.

2/ A 1797 wani likitan sojan Birtaniya, John Rollo, ya wallafa yadda ya yi jinyar wani Kyaftin Meredith. Mutumin na da ƙiba, ya kai kilo 105, ga ƙishirwa ga yawan fitsari. Rollo ya hana shi kusan duk wani mai sitaci, ya ɗora shi kan nama da kitse. Nauyi ya sauka, suga ya ragu a fitsarinsa.

3/ Majinyacinsa na biyu, wani Janar, bai iya riƙe dokar ba. To kun ga tun ranar farko an gane cewa rubuta tsarin abinci abu ne mai sauƙi, bin sa kullum ne aiki.

4/ A yaƙin 1870 zuwa 1871 sojojin Jamus suka yi wa birnin Faris ƙawanya, abinci ya yi ƙaranci. Likita Apollinaire Bouchardat ya lura suga ya ɓace daga fitsarin wasu majinyatansa saboda ƙarancin ci. A Italiya kuwa Arnaldo Cantani har kulle majinyata yake yi a ɗaki, don bai yarda za su bi doka idan ba ya gani ba.

5/ Mu tsallaka Amurka. Wajen 1914 Dakta Frederick Allen, a Cibiyar Rockefeller da ke New York, ya fito da tsarin da ake kira maganin yunwa. A hana majinyaci abinci na kwanaki har fitsari ya washe, sannan a riƙa ƙara masa kaɗan-kaɗan, ana aunawa. Lokacin babu insulin, yaron da ya kamu da ciwon da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu.

6/ A rahoton da Allen ya fitar a 1919 akwai labarin da wallahi duk sanda na tuna sai jikina ya yi sanyi. Yaro ne ɗan shekara 12, makaho, yana kwance a asibiti. Ana auna masa abinci daidai, amma suga na ta fitowa a fitsarinsa. Likitoci suka ɗauka jikinsa ne ba ya iya ɗaukar ko wannan ɗan abincin, suka ƙara ragewa.

7/ Ashe yunwa ce ta sa yake cin man goge baki da tsabar abincin wani ɗan tsuntsu da ya roƙa a ajiye masa a keji. Kafin a gano ya rame, bai kai kilo 18 ba. Yunwa ta kashe shi.

8/ Ni ban ga laifin yaron ba, yaro ne kuma yunwa ba ta da kara. Abin da nake so mu duba shi ne likitocin sun yi lissafinsu daidai, amma a kan bayanin da bai cika ba. Ga shi kuma tsarin da ya mai da majinyaci tamkar ɓarawo shi ke koya masa ɓoye-ɓoye.

9/ A Janairun 1922 aka fara yi wa mutum allurar insulin a Toronto ta Kanada, wani yaro Leonard Thompson. A watan Agusta aka kai Elizabeth Hughes, 'yar sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin. Shekara uku tana kan tsarin Allen, nauyinta ya koma kilo 20 tana da shekara 14 zuwa 15. Ta samu insulin, ta murmure, ta rayu har 1981.

10/ Bayan zuwan insulin likitoci suka sassauta. Shekaru da dama shawarar da ta fi rinjaye ita ce a rage kitse don kare zuciya, a bar sitaci da ɗan yawa. Masu rage sitaci suka zama kamar 'yan tawaye, wasu suna yi suna ɓoye wa masanan abinci gudun faɗa. Sai a 2019 ƙungiyar ciwon suga ta Amurka ta bayyana a rahotonta cewa rage sitaci na da hujja mai ƙarfi wajen saukar da suga.

11/ Yanzu fa haɗarin ya juya. A zamanin Allen ana ɓoye abin da aka ci. Yau wasu na ɓoye abin da suka daina ci. Idan kana allurar insulin ko shan glibenclamide, an auna maka maganin ne bisa tuwon da aka san kana ci. Ka yanke tuwon a ɓoye, maganin na nan yadda yake, suga zai iya faɗuwa ƙasa warwas: gumi, karkarwa, ruɗewa, har suma.

12/ Mai ciwon ƙoda, mai juna biyu, da mai shan irin su empagliflozin, su ma wannan tsarin ba abin farawa ba ne ba tare da sanin likita ba.

13/ Mu a nan mun san halinmu. Kunya ba ta barin mutum ya ce ya sha fura da rana, ko ya ce yana haɗawa da jiƙo na gargajiya. Wani ya koma tuwon alkama ko acha yana ganin ya bar sitaci, alhali su ma sitaci ne. Gwajin HbA1c kuwa yana nuna matsakaicin suganka na wata 2 zuwa 3, ko ka faɗa ko ka yi shiru.

14/ Shawarata, rubuta abin da ka ci na kwana uku ba ragi ba ƙari, haɗe da awon suganka, ka kai wa masanin abinci. Idan ka rage tuwo ka faɗa masa kai tsaye, ka nemi a duba maganinka. Ku kuma ma'aikatan lafiya, ku yi tambaya ba da tsawa ba, don wanda ke tsoron faɗa ba zai gaya muku gaskiya ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.