Manhajojin Matse Fayil da Saɓaninsu da Manhajojin Riga-kafi

Matse fayil shi ne rage girman bayanan da ke cikin kwamfuta, ko tattara fayiloli da dama cikin ƙunshi guda domin sauƙin ajiya da aikawa ta imel. Manhajar takan nemo abin da ya maimaitu a cikin bayanan ta maye gurbinsa da gajeriyar alama, idan an zo warwarewa kuma ta mayar da kome yadda yake. Tsurar rubutu kan matsu ƙwarai, amma hotunan JPEG da bidiyo ba sa wani raguwar kirki, domin tun asali a matse suke. Phil Katz na kamfanin PKWARE a Amurka ne ya fito da tsarin ZIP a 1989. Eugene Roshal, ɗan ƙasar Rasha, ya biyo baya da RAR a 1993, sannan Igor Pavlov ya fitar da 7-Zip a 1999, wadda kyauta ake samunta.

Ta fuskar inganci, waɗannan manhajoji abin dogaro ne. Kowane fayil da ke cikin ƙunshi yana tafe da lambar tantancewa da ake kira CRC, wadda ake sake lissafawa lokacin warwarewa. Idan lissafin bai zo daidai ba sai manhajar ta ba da sanarwar cewa ƙunshin ya lalace. Galibi musabbabin hakan shi ne yankewar intanet ana cikin saukarwa, ko ɗauke wuta ana cikin kwafa, ko filashin da ya gaji.

Saɓani da manhajar riga-kafi kuwa yana da dalilansa. Aikin riga-kafi shi ne leƙa cikin kowane fayil, ƙunshi kuma rufaffen abu ne. Idan an kulle shi da kalmar sirri, ba ta da hanyar ganin abin da ke ciki. Masu yaɗa ƙwayar cutar Bagle sun yi amfani da wannan kafa a 2004, inda suke aika ZIP a kulle su rubuta kalmar sirrin a jikin wasiƙar, ta yadda mai karɓa ne da hannunsa zai buɗe wa cutar ƙofa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa wasu ma'aikatu da kamfanoni ke tare irin waɗannan saƙonni tun kafin su isa akwatin ma'aikaci. Akwai kuma abin da ake kira bom ɗin ZIP. Mafi shahara shi ne 42.zip, mai nauyin kilobayit 42 kacal, wanda idan aka warware shi baki ɗaya yakan kai kimanin petabayit 4.5, wato fiye da gigabayit miliyan 4. An ƙera irinsa ne domin ya shagaltar da manhajar bincike har ta tsaya cik. Har ila yau, ƙunshin da ke warware kansa da kansa yana zuwa ne da siffar EXE, siffar da cututtuka da yawa ke zuwa da ita, don haka wani lokaci riga-kafi kan zarge shi alhali ba shi da laifi.

Abin da ya fi ruɗa ma'aikata shi ne lokacin da riga-kafi ta killace wani fayil ana tsakiyar warwarewa. Sai manhajar matsewa ta ce ba ta iya kammala aiki ba, mai aiki kuma ya ɗora mata laifi, ko ya kashe riga-kafin domin ya samu ya buɗe. Wannan ganganci ne. Abin da ya kamata shi ne a duba jerin abubuwan da aka killace, a tuntuɓi wanda ya aiko da saƙon ta waya, sannan a sanar da jami'in kula da kwamfutoci.

Ya kamata a lura cewa ita kanta manhajar matsewa kan zama ƙofar ɓarna idan ta tsufa. A 2019 kamfanin Check Point ya bayyana wata ɓaraka a yadda WinRAR ke buɗe tsarin ACE, wadda ta shafe kusan shekara 19 ba a gano ta ba, har aka cire tsarin ɗungurungum daga fitowa ta 5.70. An sake toshe wata a 2023 a fitowa ta 6.23, bayan an riga an yi amfani da ita wajen kai hari. Duk ofishin da aka daɗe da ɗora masa WinRAR, wajibi ne a duba lambar fitowarta, a sauko da sabuwa daga shafin masu ita.