Na'urar auna zafi ta goshi: daga ina ta fito?

1/ Kun tuna na'urar da ake saita mana a goshi lokacin korona, har ana raɗe-raɗin tana lalata ƙwaƙwalwa? Zafin jikinka kawai take karɓa fa.

2/ A 1800, a Ingila, William Herschel ya rarraba hasken rana launi-launi, ya ajiye ma'aunin zafi gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai. Sai ga ma'aunin ya hau! Infrared kenan.

3/ A 1821 Seebeck ya gano in ka haɗa ƙarfe biyu mabambanta ka ɗumama mahaɗarsu, lantarki na samuwa. Nobili da Melloni suka jera irinsu da yawa, aka samu thermopile.

4/ Shi ne a cikin MLX90614 da na jona wa Arduino. Amma fatar goshi yake aunawa, mai zazzaɓin da sanyin hunturu ya buga zai iya wucewa abinsa.