Mai Ƙaramin Ciki Tsakanin Aiki, Hutu da Motsa Jiki: Waiwaye Daga Potiskum

1.0 Gabatarwa

Tambayar ko ya halatta ga mai ƙaramin ciki ta yi gudu ko ta motsa jiki sabuwa ce a ƙasar Hausa da maƙwabtanta, domin a da ba a raba motsi da aikin yau da kullum ba. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda al'amarin ya sauya a Potiskum, ta kwatanta shi da sauyin ra'ayin likitocin Turai, sannan ta nuna inda harshe ya shigo cikin matsalar.

2.0 Garin da Matansa

Potiskum gari ne na Ngizim da Karai-Karai da Bolewa da Ngamo, waɗanda harsunansu 'yan'uwan Hausa ne a reshen Cadi. Garin ya bunƙasa bayan da aka dawo da hedikwatar masarautar Fika cikinsa a 1924. Hanyar Kano zuwa Maiduguri da babbar kasuwar shanu suka jawo Hausawa da Fulani da Barebari, har Hausa ta zama harshen kasuwa da na asibiti. A 1991 garin ya faɗa cikin sabuwar Jihar Yobe.

A zamanin da, samun ciki ba ya ɗauke wa mace aiki. Matar ƙauye takan yi sussuka da shiƙa, ta ɗebo ruwa, ta yo itace, ta kuma shiga gona da damina. Matar da ke cikin kulle ma tana da surfe da daka da niƙa a dutse, waɗanda kan ci sa'o'i. Bugu da ƙari, al'adar kunya ta sa ana ɓoye ciki a watanninsa na farko, musamman cikin fari, sai dai laulayi ya tona asiri. Wadda ke ɓoye ciki kuwa ba ta da bakin neman sauƙi. Sauƙin yakan zo ne daga baya, idan ta tafi goyon ciki gidan iyayenta wajen wata na bakwai. Tsofaffi da ungozomomi ma sukan hori mai tsohon ciki da daka da zirga-zirga, a bisa fahimtar cewa suna sauƙaƙa naƙuda. Abin da aka fi gudu shi ne faɗuwa da ɗaukar kaya mai nauyi da firgita, domin da su ake danganta ɓari.

Yaɗuwar injin niƙa da famfo da rijiyar burtsatse, sannan acaɓa da Keke Napep, ta rage wa matan cikin gari wannan wahala. Sai aka sami mata iri biyu a ƙasa ɗaya: wadda aiki ya yi wa yawa, da wadda zama ya yi wa yawa.

3.0 Sauyin Ra'ayin Likitoci

A Turai ma an daɗe ana ɗaukar gudu a matsayin haɗari ga jikin mace. Bayan wasannin Olamfik na 1928 an soke tseren mita 800 na mata, ba a dawo da shi ba sai a 1960, kuma sai a 1984 aka ba su damar gudun yada-ƙanin-wani a waɗannan wasanni. A 1983 Ingrid Kristiansen ta ƙasar Norwe ta ci irin wannan tsere a birnin Houston tana da ƙaramin ciki ba ta sani ba, ta kuma haihu lafiya a wannan shekara.

A 1985 Ƙungiyar Likitocin Mata da Haihuwa ta Amurka ta fitar da ƙa'idarta ta farko, wadda ta ce kada bugun zuciyar mai ciki ya wuce 140 a minti, kada kuma motsi mai ƙarfi ya wuce minti 15. Da bincike ya yawaita, sai ta janye iyakar bugun zuciya a 1994, a 2002 kuma ta ba da shawarar minti 30 a yawancin ranakun mako. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki mai ƙoshin lafiya ta yi matsakaicin motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wadda kuma ta saba da mai ƙarfi tun kafin ciki tana iya ci gaba. An tabbatar wannan yana rage haɗarin ciwon suga na masu ciki da hawan jini.

Wani abin da ke goyon bayan wannan sauyi shi ne gano musabbabin ɓari. Kusan rabin ɓarin da ke aukuwa a watanni uku na farko yana faruwa ne saboda tangarɗa a ƙwayoyin halittar ɗan tayi tun daga shigar ciki. Kwanciya ba ta hana irin wannan ɓari, hasali ma doguwar kwanciya tana iya jawo daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa. Ke nan matar da aka ɗora wa laifi don ta yi daka ko ta yi sassarfa, galibi an zalunce ta.

4.0 Abin da Ya Dace da Potiskum

An tsara waɗannan ƙa'idoji ne a ƙasashe masu sanyi, kan mata masu wadatar abinci. A Potiskum zafin bazara kan haura digiri 40 a watan Afrilu. Ƙwaƙwalwa da lakar ɗan tayi suna fara haɗuwa ne cikin makonni huɗu na farko, kuma hawan zafin jikin uwa sama da digiri 39 yana iya yi musu lahani. Saboda haka lokacin motsa jiki shi ne sanyin safiya ko bayan la'asar sakaliya, tare da shan ruwa isasshe. Ma'auni mai sauƙi shi ne mace ta iya magana tana cikin tafiya ko sassarfa. Idan numfashi ya hana ta, ta wuce kima. Wadda ba ta saba gudu ba ta tsaya ga tafiya da sauri. Ganin jini, jiri, ciwon ƙirji, ciwon mara mai tsanani ko kumburin sha-raɓa, duk alamu ne na a dakata a nufi asibiti. Mai tsananin ƙarancin jini ko ciwon zuciya, da mai zazzaɓin cizon sauro, magani suke buƙata kafin komai. Binciken Kelsey Harrison a Zariya kan haihuwa 22,774, wanda aka buga a 1985, ya nuna cewa mutuwa ta fi yawa ainun a cikin matan da ba su je awon ciki ba. Awo da wuri ne ke bambance wadda za ta motsa da wadda za ta huta.

5.0 Matsalar Kalmomi

A nan ne aikin masana harshe yake. Idan malamar asibiti ta ce "ki huta", wata za ta fahimci rage aiki, wata kuma kwanciya dungurungum. "Motsa jiki" kan kawo wa mai sauraro hoton 'yan ƙwallo, "atisaye" na soja ne, "wasa" kuwa na yara, "gudu" a wurin matar aure abin kunya ne. Matar da ta wuni tana sussuka ba ta kiran abin da ta yi motsa jiki, alhali ta ninka minti 150 tun kafin tsakiyar mako. Ga kuma tsofaffin da suka fi gane bayani da Ngizimanci ko Karai-Karanci, su ne kuwa masu faɗa a ji a kan surukansu. Ƙamusun Ngizim na Russell Schuh na 1981, da ƙamusun harsunan Yobe da ya yi tare da Alhaji Maina Gimba, tushe ne da za a iya ɗora irin wannan aiki a kai.

6.0 Kammalawa

Tarihi ya nuna cewa matan Potiskum sun daɗe suna motsi da ƙaramin ciki, ilimin likita kuma ya dawo ya amince da motsin, ya taƙaita gargaɗinsa ga zafi da rashin lafiya da wuce gona da iri. Saƙo ɗaya ba zai dace da matar gona da ma'aikaciyar ofis ba. Ta farko tana buƙatar abinci da sauƙin aiki, ta biyu tana buƙatar tafiya, kuma kowaccensu tana buƙatar a gaya mata da kalmar da ba za ta yi mata wata fassara ba.