Daga busarwa zuwa danshi: tarihin ɗaurin ƙananan ƙunar wuta

Wannan ɗan nazari yana bin diddigin tambaya guda da likitocin Turai da Amurka suka yi ta muhawara a kanta a ƙarni na 20: shin ƙunar da ba ta yi zurfi ba busar da ita ya kamata a yi, ko a bar ta da danshi?

A shekara ta 1915, lokacin yaƙin duniya na farko, Auguste Lumière na birnin Lyon a Faransa ya fito da tulle gras, wato ƙyalle mai raga-raga da aka jiƙa da man basilin don kada ya manne wa miki. Amma a 1925 Edward Davidson na Detroit a Amurka ya kawo wata hanya dabam: shafa tanin, irin sinadarin da ke cikin bagaruwar da majema suke jimar fata da ita. Tanin yakan busar da ƙunar, ta yi ɓawo. Hanyar ta bazu, sai a farkon shekarun 1940 aka gano tana lalata hanta, aka bar ta.

Hujjar kimiyya ta zo a 1962, sa'ad da George Winter a Ingila ya nuna a fatar alade cewa mikin da aka rufe da danshinsa ya fi wanda aka bari a iska saurin yin sabuwar fata. Duk da haka, man sulfadiyazin mai azurfa da Charles Fox ya gabatar a 1968 shi ya mamaye gidajen likita, saboda yana kashe ƙwayoyin cuta. Bitar da ƙungiyar Cochrane ta yi a 2013 ta nuna cewa a ƙunar da ba ta ratsa fata duka ba, wannan man yana jinkirta warkewa idan aka gwada shi da wasu sababbin ɗauri. Wata bitar ta 2015 kuma ta samu zuma tana rage kwana 4 zuwa 5.

Abin lura a nan shi ne ma'aunin da kansa ya sauya. Da farko hana ruɓewa aka fi dubawa. Daga baya aka shigo da yawan kwanakin jinya da azabar da majinyaci yake sha duk lokacin da aka kwance ɗaurin.